Guron Inna Ɗayyaba

Akwai wata dattijuwa a unguwar Gwadangaji, nan cikin Birnin Kebbi, ana kiranta Inna Ɗayyaba. 'Yar Argungu ce, aure ne ya kawo ta birni. Da mijinta ya rasu sai ta koma gidan autanta Abdussamadu, ma'aikacin gwamnati. Shi ya ba ta ɗaki, ita kuma ta ba kanta filin da ke bayan ɗakin, ba ta tambayi kowa ba.

Filin ba wani abin kirki ba ne. Tsakanin bango da makewayi yake, kuma a kwari. Amma a nan ta kafa lambu.

Da damina ta shuka guro, wato kuɓewa, da yakuwa da rama, da kabewa mai bin bango. Kaka ta yi, ta yanka ta shanya a tabarma, ta daka ta cika gwangwanaye. Sanyi ya shigo, ta ja fangalin albasa da salak da alayyahu, tana ɗaukar musu ruwa daga rijiyar gida. Bazara ta kama, ƙasa ta yi zafin da ko kaza ba ta son taka ta, sai ta ƙyale lambu ya huta, ta zauna a gindin dogon yaro da allura da zare tana ɗinkin hula.

Haka shekara take juya mata. Hannunta ba ya zama banza, bayanta kuma ba ya daina ciwo.

Duk abin da ke lambun nan ana samunsa a kasuwa, ban da guron. Gajere ne mai kauri, kore shar, da ɗan ja-ja a gindinsa. Ba ya saurin tsufa a jikin itace. Kaɗan ya ishi tukunya yauƙi. In an shanya shi ba ya baƙi, har in aka kaɗa miyarsa a tsakiyar rani sai mutum ya rantse ɗanye ne. Wurin mahaifiyarta ta samo irin. Ranar da za a kai ta ɗakin miji uwar ta ƙulla mata shi a bakin zane.

Kowace damina sai ta zaɓi 'ya'yan farko na itatuwan da suka fi ƙarfi, ta ɗaura musu guntun jan zaren hula don kar wani ya tsinke. Ta bar su su bushe har su riƙa ƙara in an girgiza. Sannan ta ɓare, ta gauraya irin da toka, ta zuba a gora, ta toshe da tsumma, ta rataye a kan gadonta.

To, kun san yadda mata masu lambu suke yi. Iri ba a sayar da shi tsakanin maƙwabta. Wadda ta roƙa a ɗiba mata, in ya yi ita kuma ta kawo tsinkar farko a kwano. Inna Ɗayyaba ta san wannan sarai, don irin alayyahunta ma roƙo ta yi. Amma guro ba ta bayarwa.

Miya za ta ba ka. Gari za ta ba ka. Ɗanye ma za ta ba ka, amma ƙanana, waɗanda 'ya'yan cikinsu ba su ƙosa ba. Iri kuwa, kullum amsa ɗaya ce: bana bai yi yawa ba.

Ba wai ba ta da dalili ba ne. Tsohuwa ce a gidan ɗa. Ba ita ke girki ba, ba ita ke yanke shawara ba. Amma in mai jego ta yi kwaɗayi, ko an yi baƙi daga nesa, ƙofarta ake yi wa sallama. Takan ce a ranta, in kowace mace ta samu irin, me za a zo nema wurina?

Sai shekarar da idonta ya fara gazawa.

Kowace bazara tana ɗinka wa Abdussamadu hula guda, ya sa ya tafi ofis yana faɗa wa abokan aiki ɗinkin tsohuwarsa ne. A wannan shekarar ta zaɓi zane mai ƙananan idanu, irin wanda allura ke shiga kusa da kusa. Ta gama rabin jikin hular da ƙyar. Ido ya riƙa ruwa. Zare ya ƙi shiga kafar allura. Wata rana ta yi layi guda cur da shuɗi tana zaton baƙi ne, sai da ta fito rana ta gani, ta zauna tana warwarewa.

A haka maƙwabciyarta Ma'u ta same ta. Ma'u matar mai keke ce, gidansu na jikin nasu. Tana yi wa zanen gado da rigunan matashi furanni da allura, tana kuma da 'yar shukarta a buhuna da wani ɗan lungu.

Ta zauna, ta ɗauki allura ta zura zare, ta soke a jikin matashi. Ta ɗauki wata ta zura, ta soke. Sai da ta jera su reras, yadda in ta tafi tsohuwa za ta riƙa zara tana aiki.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai ta shigo. Da aka zo kan hular, inda ɗinki ya fi matsi, ita ta karɓa ta gama shi. Da hula ta dawo daga wanki, Abdussamadu ya juya ta a hannu ya ce, "Inna, wagga ta hi ta bara. Ashe har yanzu idonki garau yake."

Ma'u tana wurin. Ta sunkuyar da kai tana tsince zare daga zanenta, ba ta tanka ba.

Wannan shirun shi ya hana Inna Ɗayyaba sukuni. Ita mace ce da ba ta son a yi mata abu ta kasa ramawa. Washegari ta tare ta.

"Ke Ma'u, hwaɗi abin da kika so. Ban son nauyin mutum bisa kaina."

"Haba Inna, nauyin mi? Hira nika zuwa yi."

"Hira ba ta cika kan hula. Ga atamfa can cikin akwati, ban taɓa ta ba."

"Ina da zane, Inna."

"To garin guro. In cika miki babban gwangwani."

Ma'u ta yi dariya. Sannan ta ce, "In dai dole sai na amsa, ki ɗiba mini irin."

Inna Ɗayyaba ta kalli bango. Ta ce, "Irin kabewa? Akwai shi, mai kyau."

"Na guro."

"In haɗa miki yakuwa da rama da dashen albasa in sanyi ya zo. Abu uku ke nan."

"Shi dai guda nika so."

"Ƙasarki yashi ce, ɗiyata. Bai yi can."

"Tun sanyi nika zuba mata kashin awaki."

Inna Ɗayyaba ta saba ciniki. Masu kifi a kasuwa in sun hango ta gyara tsayuwa suke yi. Amma ba ta taɓa ciniki da wanda ba ya ƙari ba ya ragi, yana murmushi kawai ba. Ga shi da bakinta ta ce a faɗi. Ta ce, "To. Ki dawo jibi."

Da hantsi, bayan Abdussamadu ya tafi aiki, matarsa ta fita kasuwa, ta sauko da gora. A murhu akwai sauran garwashin ɗumame. Ta ɗora kasko.

Ta cika tafin hannunta da iri ta zuba, ta ƙara cikawa ta zuba. Ba ta son a ce ta bayar kuma ta yi rowa. Ta riƙa juyawa da tsinke a hankali, gefe zuwa tsaka, tsaka zuwa gefe, don kar ya canza kala. Ba ta bari ya fashe ba. Da ta ɗauki ƙwaya guda ta ji ba ta riƙuwa don zafi, sai ta sauke. Wani ɗan ƙamshi ya tashi kamar na gyaɗa, ta kore shi da faifai.

Da ya huce ta mutsuttsuke shi da toka, ya koma kamar yadda yake. Ta ƙulle a farin ƙyalle, ta ɗaure da zare.

Ta ce wa kanta, na dai bayar. Ba mai cewa ban bayar ba.

Ma'u ta karɓa da hannu biyu, har da durƙusawa. "Duk wanga, Inna? Allah shi saka. Tsinkar hwarko taki ce."

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, gari ya yi ƙamshin ƙasa, kowa ya fita da fartanya. Inna Ɗayyaba ta shuka nata, Ma'u ta shuka nata. Sai sama ta ɗauke.

Rana ta dawo kamar bazara ba ta tafi ba. Rijiyar gidan Abdussamadu ta koma laka, abin da ake samu bai wuce na girki da alwala ba. Tsiron Inna Ɗayyaba ya fito, ya yi ganye bibbiyu, ya langaɓe, ya ƙone.

Gidan su Ma'u babu rijiya ma. Daga burtsatsen ƙarshen layi take ɗauko ruwa. Safe da yamma Inna Ɗayyaba tana ganin wucewarta ta ƙofa, jarka a ka, zane a jiƙe, tana jan ƙafa.

"Inna, naku ya hito kahin ya ƙone?"

"Ya hito."

"Nawa shiru. Ko tsinke ban gani ba."

"Halan kin binne shi da zurhi."

"Gaɓar yatsa guda na yi, yadda kika ce."

"To kaji ne. Ko kiyashi."

Ma'u ta sauke numfashi. "Hannuna ne dai, Inna. Wasu hannun ba su da shuka. Bari in ƙara mai kwana biyu."

Ta ƙara masa kwana biyu, ta ƙara wasu. Sai da wuyanta ya ƙage ta haƙura, ta sa yara suka watsa alayyahu a wurin.

Da ruwa ya dawo sosai, Inna Ɗayyaba ta sauko da gora don shuka ta biyu. Ta girgiza ta ji ta yi sauƙi. A al'adarta kashi uku take yi wa iri, na shukar farko, na ta biyu, da na ajiya wanda ba a taɓawa. Bana na ajiyar ne ya tafi kasko. Ta juye abin da ya rage a hannu, ya ishi kunyoyinta daidai, babu saura. Ta ce ba komai, kaka na zuwa, za a cika gora.

Guro kuwa ya tashi da kyau. Ya kai ƙugu, ya yi fure rawaya, ya fara 'ya'ya. Ta bi ta ɗaura jan zare a kan waɗanda ta zaɓa.

Sai watan Agusta ya zo da ruwan da ba a saba gani ba. Yau ruwa, gobe ruwa. Fadamar Zauro ta cika har ana zancen shinkafar mutane. A Gwadangaji kwatar bayan layi ta toshe, ruwan unguwa ya biyo ƙarƙashin bango ya kwanta a lambun Inna Ɗayyaba, tun da nan ne kwari.

Ta shiga da ƙafarta, ruwa har ƙauri. Ta haƙa hanya da fartanya, ruwan ya dawo. Ta kwashe da bokiti, sama ta mayar. Abdussamadu ya ce, "Inna, ki hito, sanyi zai kama ki. Guro ne fa." Ta dube shi, bai ƙara ba.

Guro ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ganye ya yi rawaya ya zube. Itatuwan suka yi laushi daga gindi, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ta tsinke masu jan zaren ta kai ɗaki, ta shanya a kan faifai kusa da murhu. Da ta tsaga, 'ya'yan ciki farare ne, masu taushi, suna fashewa tsakanin yatsu. Ba su ƙosa ba. Da suka bushe sai suka motse suka zama ƙaiƙayi.

Gora tana rataye a kan gado, ba komai ciki sai toka.

Ta yi jinyar ƙafa da tari. Da kaka ta yi, ta samu ƙarfi, ta ce a kai ta tasha. Argungu za ta.

A can tana da taubashiya mai suna Fatu, matar masunci, wadda suka tashi gida ɗaya. Ta same ta a tsakar gida tana gyaran kifi.

Fatu ta ce, "A'a, 'yar birni. Wa ya mutu?"

"Ke nika jira, kin ƙi."

"Sai na ci sadakar ukunki. Zauna, tsohuwar banza, ƙahwarki na rawa."

Aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Inna Ɗayyaba ta yi ta kewaye-kewaye, zancen ruwan bana, zancen shinkafa. Daga baya ta ce, "Guron Innarmu, wa ke da shi yanzu cikin garin nan?"

Fatu ta ajiye wuƙa. "Ke kika tambaya ta? Ke da ke da shi?"

"Ruwa ya ci."

"Duka? Ba ki aje ba?"

"Na ce miki ruwa ya ci."

Fatu ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Da can kowane gida na layin nan akwai shi. Uwarki ko mai tallan manja ta yaba miyarta sai ta ƙulla mata. Muna yi mata faɗa, ta ce ita ajiya take kaiwa gidajen mutane. To tsohin sun mutu. Babban ruwan da anka yi shekarun baya ya kwashe na bakin gulbi. Yara kuma sunka koma irin leda na kanti, dogon nan mai saurin yi, shi 'yan kasuwa ka so. Nawa ɓera ya ci. Ban damu ba, na ce ai Ɗayyaba na da shi. Na aiki ɗiyata Sumayya har Birnin Kebbi. Kin tuna abin da kika ba ta?"

Inna Ɗayyaba ta kau da kai.

"Garin miya. Kika ce bana bai yi yawa ba. Mun sha miya kuwa, ta yi daɗi."

Duk da haka Fatu ta yafa mayafi ta raka ta. Suka bi gidajen da suka sani, tsofaffi biyu suna tafiya suna hutawa a dakalin mutane. Wani gidan an sayar. Wani gidan an yi ɗaki a inda lambu yake. Wata ta ce ta san shi, kakarta na da shi, amma ita ba ta shuka. Wata ta shiga ɗaki da sauri ta fito da ƙulli, Inna Ɗayyaba ta yi saurin matsowa.

"Dogo ne ko gajere?"

"Dogo, Inna. Har kamar yatsa biyu in an haɗa."

"Bar shi, ɗiyata. Na gode."

A mota tana dawowa, ana ta yankan shinkafar da ta tsira a fadama, ba ta ko kalla ba. Ƙafafunta sun kumbura. Tana tunanin yawan matan da suka tsaya a ƙofarta da ƙyalle a hannu.

Washegari da yamma tana kwance a tabarma a tsakar gida, Abdussamadu da matarsa suna gefe, sai ga Ma'u ta yi sallama. Fuskarta cike da fara'a, hannunta a bayanta.

"Inna, sai yau nika jin wai har Argungu kika tahi neman iri. Mi ya hana ki hwaɗa mini? Ni na ɗauka kina da ajiya."

Ta durƙusa, ta ajiye farin ƙyalle a kan tabarma.

"Rabi na shuka. Da na ga shiru na ce hannuna ne, kar in ɓata sauran. Na sa shi cikin kwalba, ko iska bai sha ba. Ga abinki. A hannunki zai hito."

Abdussamadu ya tashi zaune. "Alhamdu lillahi. Inna, kin gani? Da ba ki ba ta ba fa?"

Matarsa ta ce, "Wallahi alheri bai ɓacewa."

Inna Ɗayyaba ta kwance ƙullin. Ga shi nan, guron uwarta, ƙwaya-ƙwaya, da tokarsa. Duk duniya ba sauran wani sai wannan. Kuma ita ta san inda ya biya kafin ya zo.

Suna ta kallonta suna jiran murna. Ta ce, "Allah shi yi miki albarka, Ma'u." Ta sunkuyar da kai. Suka ɗauka daɗi ne.

Ta zuba shi a gora ta rataye.

Sanyi ya zo, ta yi albasa ba da wani kuzari ba. Bazara ta zo, Ma'u ta ci gaba da shigowa tana jera mata allurai a matashi. Inna Ɗayyaba tana ɗinki tana lissafi a zuci. Kasko yana da gefe. Wuta ba ta cin ko'ina daidai. Wataƙila wata ƙwaya ta maƙale a baki, zafi bai kai cikinta ba. Guda ɗaya ma ta isa, itace guda yana cika gora. Sai kuma ta tuna yadda ta riƙa juyawa, gefe zuwa tsaka, tsaka zuwa gefe. Ita ba ta aikin ganganci. Ba ta taɓa yi ba.

Tana iya gwada 'yan ƙwayoyi a gwangwani ta gani. Ba ta gwada ba. Muddin yana cikin gora, akwai sauran wataƙila.

Da damina ta kama, Ma'u ta hana ta shuka da ruwan farko. Ta ce bana ba za a yi kasada ba. Sai da ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ta sa mijinta ya kawo ƙasa a keke aka cike kwarin, ita da kanta ta ja kunyoyi masu tudu. Amma ta ƙi taɓa irin.

"Ke za ki sa, Inna. Ni ko kusa ban zuwa, kar in shafa mai."

Inna Ɗayyaba ta duƙa ta shuka, rami bayan rami, gaɓar yatsa guda.

Kullum da safe Ma'u sai ta shigo kafin ta ɗora tukunya, ta tsuguna a bakin kunya. Duk koren da ya ɓullo sai sun duba shi su biyu. Ciyawa ce. Wani kuma yakuwar bara ce da ta zube. Lokacin fitowar guro ya yi, ya wuce. Na maƙwabta, irin kanti, har ya yi ganye huɗu.

Wata safiya aka kwana biyu ba ruwa, sai ga Ma'u da jarka a ka. Ta sauke tana haki, ta dafe wuya.

"Na burtsatse ne, ya hi na rijiya daɗi. A ƙara mai kwana biyu, Inna. Tsohon iri shina da nawa."

Inna Ɗayyaba tana zaune a kan turmi. Ta kalli jarkar, ta kalli jiƙaƙƙen zanen, ta kalli hannun da ke dafe da wuya. Ta gaji. Gajiyar ta fi ta ranar Argungu.

"Kar ki zuba, Ma'u."

"Kaɗan dai."

"Bai hitowa. Ko gulbi kika juye mai bai hitowa. Soya shi na yi."

Ma'u ta juyo. "Kika yi mi?"

"Kahin in ba ki. A kasko. Don kar ya yi a gidanki."

Ana jin kukan kaji a gidan gaba, da ƙarar keke a kan layi.

Ma'u ta duba kunyoyin da ta ja. Ta duba tafin hannunta, ciki da baya, kamar yau ta fara ganinsa.

"Ashe ba hannuna ba ne."

"Ba hannunki ba ne."

"Shekara guda ko barkono ban shuka ba, Inna. Alayyahu ma yara nika sawa su watsa." Ba ta ɗaga murya ba. "Da kin ce ba ki badawa, da na yi hushi kwana biyu na manta. Ai naki ne."

Inna Ɗayyaba ta kalli ƙasa.

Ma'u ta karkaɗe zanenta. Ta ɗaga jarkar ta ɗora a ka, da ruwanta a ciki, ta fita.

Ba ta faɗa wa kowa ba. In sun haɗu tana gaishe ta, Inna ina kwana, Inna ya ƙafa. Amma ba ta ƙara shigowa bayan la'asar ba, kuma hular wannan shekarar ba a gama ta ba.

A ɗan lungun Ma'u yanzu akwai barkono da tumatir da guron kanti, duk shukar hannunta, sun yi kyau ƙwarai. Inna Ɗayyaba ma guron kanti take shukawa. Dogo ne, yana saurin yi, yana saurin tsufa. In ta kaɗa miya sai ta ɗanɗana, ta ajiye ludayi, ta ce wa matar ɗanta ta ƙarasa.

Darasi: Abin da ka ba maƙwabcinka ba fita ya yi daga hannunka ba, ajiya ka kai inda ruwan da ya ci gidanka bai kai ba. In ba za ka bayar ba, ka ce ba za ka bayar ba, ya fi ka miƙa wa mutum mataccen abu ka bar shi yana zargin kansa. Duk mai iri, ko sana'a, ko wani sani da ya ƙulle shi kaɗai, ya kwance tun yana da rai. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta su karanta, musamman waɗanda kuka san gorarsu na rataye.